Birkina na ihu in na taka da ƙarfi, mi ke kawo shi?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, masu sanin mota ku agaza min don Allah. Corolla gare ni, sati uku kenan da anka canza min takalmin birkin gaba a nan Gusau. Cikin gari in ina takawa a hankali shiru kake ji, amma da na danne da ƙarfi sai ta kama wani ihu kiiii har cikin haƙori. Shekaranjiya wajen Kwatarkwashi awaki sunka faɗo titi na danne, wallahi har masu talla sai da sunka waiwayo. Ta tsaya lafiya lau, ƙarar ce dai ke tada min hankali. Wanda ya sa min ya ce wai sabo ne zai daina, to har yau shiru.

Na Mafara:
Wa alaikumussalam. Ƙura ce kawai Alhaji, hunturun ga kowace mota kuka take. Kai ta wanki a watsa ma tayun ruwa, in ta ƙi a ɗan ɗiga baƙin mai wurin.

Oga Mai Gareji:
Haba Na Mafara, baƙin mai a birki? Kashe bawan Allah za ka yi? Alhaji don girman Allah kar mai ko giris ya taɓa fuskar takalmin ko dis, wato faifan ƙarfen da takalmin ke matsewa, in ya taɓa ƙarar za ta ɗauke amma birkin ma ya tafi da ita. Ta ƙura ko tsatsar safiya taku biyu uku ta wuce.

Da takalmin tsoho ne da sai in ce ɗan ƙarfen gargaɗin nan ne da ke jikinshi, wanda ke fara gogar dis in naman ya rage kamar milimita 2 zuwa 3. Naka sabo ne, don haka kaɗawa yake a kan dis in ka matse shi, ita ce kake ji kamar usur. Nafi zargin mai arha anka sa maka, irin mai taurin nan da in ya ɗau zafi sai fuskarshi ta yi sulɓi tana ƙyalli kamar gilashi, kuma yaranmu da yawa in sun cire tsohon sai su yar da siririn ƙarfen da ke bayanshi, shim, su ce ba ya da amfani, alhali shi ke shanye kaɗawar. Sa a cire taya kana tsaye, ka bar dis ya huce ka bi shi da farce, in ka ji layi-layi ko bakin ya yi tudu to sabon takalmin bai zauna daidai ba. A jikin dis akwai lambar da anka buga ta iyakar kaurinshi, in ya kai nan canzawa za a yi, ba gogewa ba. A zaro fil biyu na kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmin a kan dis, a wanke a sa musu giris na birki, ba na kowa da kowa ba don shi yana kumbura roba. In an haɗa ka samu titin da ba mutane, ka kai gudun 60 ka taka ka sauko kamar 10 ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas, sannan ka yi ɗan tafiya ya huce.

Direban Sakkwato:
Gaskiya Oga ya faɗa. Ni dai abin da zan ƙara, in sitiyari na rawa lokacin da ka taka to dis ɗin ne ba ya daidai. In ko feda ce ke bugun ƙafarka a birkin gaggawa, ABS ne, na'urar da ke hana taya kullewa, ke aikinshi kar ka ɗaga. A gangara kuma ka sauko da giya, zaman ƙafa kan birki shi ke toya takalmi.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri. Yau na tsaya a kansu anka buɗe, ba shim ko ɗaya, takalmin na ƙyalli kamar an shafa mai man shanu, fil ɗin hannun direba kuma sai da anka sa guduma kafin ya fito. Na sayi wani takalmin mai shim anka sa duka ɓangaren biyu, dis an auna ance da sauranshi. Na gwada ta hanyar Bunguɗu yadda Oga ya ce, shiru. Kuɗin na farkon dai mutumin ya ce sai in ya sayar da wani.

Na Mafara:
To na janye maganar mai, Oga a yi min afuwa.