Dan Allah wace na'urar ji zan saya wa Baba?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifina ya haura shekara 70, jinsa ya ragu sosai, talabijin sai ya ƙure murya, in ana hira da yawa kuwa sai dai ya yi ta gyaɗa kai, shi kuma cewa yake yana jin muryarmu sarai, kalmomin ne ba sa fita. Na ga wasu ƙanana a intanet masu shigewa can cikin kunne, su nake so in sayo don ba ya son a gan shi da abu a kunne. Wanda ya sani ya taimaka.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki sayi komai tukuna, ki kai shi likitan kunne ya leƙa, wani lokacin datti ne ya toshe, ana wankewa shikenan. In ba shi ba ne sai a yi gwajin ji, takardar sakamakon da ake kira odiyogram da ita ake saita na'urar daidai da kunnensa.

Amsa: Wannan "ina ji amma ba na ganewa" ai shi ne na tsufa. Siririyar ƙara ce ke fara tafiya, irin s da f da sh, shi ya sa muryar mata da yara ta fi ba shi wuya. Da yawan na intanet ɗin nan amfilifaya ce kawai, komai take ɗagawa har ƙarar fanka da kwanuka, kwana biyu zai jefa ta a durowa wallahi.

Amsa: Hajiya ki duba yatsunsa da idonsa ma. Ƙananan nan batirinsu lamba 10 ne, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar magani, ga saurin ƙarewa, dattijo mai rawar hannu ba zai iya canzawa ba, kuma ba su da ƙarfi in rashin jin ya yi tsanani. Ta bayan kunne ta fi, mai batir 13 ko 675, ko ma mai caji ya ɗora ta da dare kamar waya.

Mai tambaya: Na gode sosai. To guda ɗaya ta isa?

Amsa: In gwaji ya nuna kunnuwan biyu ne a sa biyu, ta haka yake gane ta ina magana ke zuwa. Kuma ki faɗa masa tun yanzu, farko zai ji muryarsa wani iri, ya fara da 'yan awanni a gida har ya saba, abin kan ɗau makonni. In tana fito ba ta zauna daidai ba ne, ku koma a gyara. Ya cire ta kafin wanka, kuma ki tambaya ko suna ba da lokacin gwaji kafin ki biya.