Iyaye na roƙona in koyar da 'ya'yansu a gida alhali muna yajin aiki, ya zan yi?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema don Allah, musamman wajen malamai da iyayen da suka taɓa shiga irin wannan hali.

Ni malamar firamare ce a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin Abuja, aji shida nake riƙe da shi. Tun ranar 24 ga Maris ɗin bana, 2025, ƙungiyarmu ta malamai, NUT, reshen babban birnin tarayya ta ce kowa ya ajiye alli. Cikin azumi muka rufe ajujuwa, aka yi ƙaramar Sallah, ga shi har an yi babba, makarantu na nan a garƙame. Abin da muke nema ba ɓoyayye ba ne: mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu tun Yulin 2024, da ariyas, wato bashin albashinmu da ya taru, da ƙarin albashi da alawus da wasu ma'aikata suka samu mu aka tsallake mu.

Shekaranjiya bayan la'asar wasu iyaye mata suka yi sallama gidana. Suka ce in taimaka in riƙa yi wa 'yan ajina darasi da safe a tsakar gida, kowane yaro za a riƙa biyan naira 2,000 a wata. Ban ba su amsa ba. A gefe guda kuma, mai wata makarantar kuɗi a unguwarmu ya aiko cewa in zo in riƙe masa aji kafin a janye yajin, zai ba ni 25,000.

Abin da ya fi tsaya min a rai wata yarinya ce 'yar ajina, wadda babu mai kamo ta a lissafi. Na gan ta a tasha da bokitin awara a ka, sanye da hijabin makaranta da bajon har ya koɗe. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malama, mu an fasa kai mu sakandaren ne?" Wallahi ban san me na ce mata ba.

Maigida ya ce in karɓi duka biyun, tunda ni ma ina da bakunan ciyarwa, ga bashin mai shago. Abokiyar aikina kuma ta ce duk wanda ya koyar a wannan lokaci zagon ƙasa yake wa ƙungiya. Ba na son cin amanar 'yan uwana malamai, ba na kuma son ganin yaran nan sun lalace a kan idona. Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam Malama. Ni uba ne, yarana uku ke makarantar gwamnati. Don girman Allah ki koyar. Ɗan aji biyuna da ya fara haɗa baƙi yanzu ko sunansa sai ya yi ta kallon takarda kafin ya rubuta. Masu hali tuni sun kwashe nasu sun kai makarantar kuɗi, mu da ba mu da shi ne muke zaune da namu a gida. Ba mu ga laifinku ba, haƙƙinku kuke nema. Amma su yaran me suka yi?

Abu Fatima:
Malama, ni ma malami ne kamar ki, kuma gaskiya zan faɗa miki ko ba daɗi. Kada ki yi.

Yajin aikin malamin firamare ba kamar na direbobin tankar mai ba ne da gari ke tsayawa cikin kwana biyu. Mu ƙarfinmu ɗaya ne tak, shi ne iyaye su ji zafin zaman yara a gida har su tashi su tambayi ciyaman da kansila ina kuɗin malamai. Idan ke kin buɗe aji a tsakar gida, ni na buɗe a zaure, wancan ya buɗe a gindin bishiya, hankalin iyaye ya kwanta, to wa zai yi magana? Sai yajin ya shekara babu wanda ya damu.

Kuma ki tuna wannan ba shi ne na farko ba. Bara ma mun fita. A Disambar 2024 aka zauna aka amince za a fara biyan sabon albashi daga Janairu, muka koma aji da zuciya ɗaya, albashi ya shigo babu ko kwabo a kai. Duk lokacin da muka tausaya muka sassauta, sai a ɗauka ai malami ba ya iya jurewa. Wannan karon a bar shi ya kai inda zai kai.

Baba Hedimasta (mai ritaya):
'Yata, sannu da wannan tunani. Malamin da bai damu da yaransa ba ba zai ma zo yana tambaya ba. Na yi shekara talatin da biyar a wannan aiki, bari in raba miki maganar, domin abubuwa ne daban-daban kika haɗa a ƙulli ɗaya.

Batun makarantar kuɗi, ki bar shi kwata-kwata. Yajin aiki bai cire ki daga ma'aikaciyar gwamnati ba, sunanki na nan a takardar biyan albashi. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda aka zayyana ƙa'idojin ma'aikacin gwamnati, ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci shiga gudanar da wata sana'a ta kansa in ba noma ba. Na sani mutane da yawa na yin 'yan sana'o'insu ana kau da kai, amma karɓar aiki da albashi a wata makaranta, a sa sunanki a rajistarsu, wannan makami ne kika miƙa wa duk mai neman ki da sharri. Ranar da aka tashi tankaɗe da rairaya, takardar tuhuma ɗaya ta isa. Kada ki sayar da fansho da giratuti a kan dubu ashirin da biyar. Shi ma mai makarantar ba ƙaunarki yake ba, yaran da suka gudo daga makarantarku ne suka cika masa aji, yana neman ƙwararriya a farashin banza.

Harabar makarantarku ma kada ki taka da sunan koyarwa. Kada ki ɗauko rajista, kada ki ɗauko alli ko littafin gwamnati. Wannan shi ne karya yaji, babu wata kwana-kwana.

Saura tsakar gidanki. A nan ne na saɓa da ɗana Abu Fatima. Yajin da kuka shiga da wanda ya ɗauke ku aiki kuke yi, shi kuka janye wa aikinku. Ilimin da ke kanki kuwa naki ne, babu ƙungiyar da ta ce ki rufe baki idan ɗan maƙwabci ya kawo miki lissafi. Kuma maganar cewa hankalin iyaye zai kwanta, ɗana, makarantu sama da 400 ne a rufe. Yara ashirin a kan tabarma ba za su sa wani uba ya manta cewa makarantar ɗansa a kulle take ba.

Ga abin da ya sa nake cewa ki yi wa yaran wani tanadi: wannan rigima tsohuwa ce, ba ta ƙarewa da wuri. Albashin malamin firamare a wuyan ƙaramar hukuma yake, ta hannun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wato LEA. Shi ya sa a Abujar nan malamin sakandare da ke ƙarƙashin hukumar birnin tarayya yake aji, ke kuma kina gida, alhali kasuwa ɗaya kuke zuwa. A 2008 mun yi yaji a faɗin ƙasa kan tsarin albashi na musamman ga malamai, aka ƙare da alkawarin ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari, wasu jihohin sai da aka yi shekaru ana bin su. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Buhari ya sake alkawarin albashi na musamman, ya kuma ce shekarun ritaya za su koma 65, na aiki 40. Na ritayar ya zama doka a 2022, na albashin kuwa ku da ke cikin aiki kun fi ni sanin inda ya kwana. Ko hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye bai sa malami ya ga canji a aljihunsa ba tukuna. To yarinyar aji shida ba ta da shekarun da za ta jira a warware duk wannan. In ta saba da cinikin tasha, uwarta ta saba da kuɗin da take kawowa, ko an buɗe makaranta gobe da wuya ta dawo. Na ga irin haka da idona, kuma 'yan mata ne suka fi tafiya.

Abu ɗaya zan roƙe ki: kada ki yi a ɓoye. Ki je wajen wakilin ƙungiya na makarantarku ki faɗa masa da bakinki. In ya kawo wata hujja daga umarnin ƙungiya da ta hana, ki saurare shi.

Dakta, malamin jami'a:
Baba ya gama magana kan koyarwa. Ni ta fannin aljihu zan ja hankalinki, don mun ɗanɗana. A 2022 ƙungiyarmu ta malaman jami'a, ASUU, ta yi wata takwas tana yaji, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, gwamnati ta ɗauko dokar nan ta "ba aiki, ba albashi" da ke sashe na 43 na dokar rigingimun ƙwadago ta riƙe mana albashi. Sai bayan an canza gwamnati aka amince a biya wata huɗu daga ciki. Ba ina cewa haka za a yi muku ba, amma ki yi lissafinki kamar ariyas ɗin nan ba zai zo da wuri ba. Kada ki ci bashi da sunan "in an biya mu". Musamman bashin manhajojin waya ɗin nan, ki guje su, kuɗin ruwansu ya fi ƙarfin albashin malami, kuma in kin makara sai su bi lambobin wayarki suna tozarta ki. Mai shago ki same shi ki yi masa bayani, ki riƙa rage masa ko kaɗan ne.

Anti Larai, Kaduna:
'Yar uwa, mu a Kaduna mun ga abin da ya fi haka. Bayan jarrabawar gwaji ta 2017 gwamnatin El-Rufa'i ta sallami malamai sama da dubu ashirin da ɗaya, NUT ta shiga yaji a Janairun 2018, gwamnati ta ce duk wanda bai zo aiki ba a bakin aikinsa. Darasin da na ɗauka shi ne takardu. Takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, shaidar hukumar rajistar malamai ta TRCN, ki haɗa su wuri ɗaya ki yi kwafi. Kuma duk wanda ya kawo miki wata takarda ya ce ki sa hannu a kwanakin nan, ko wane ne shi, ki ce sai kin tuntuɓi ƙungiya.

Hajiya mai Islamiyya:
Ni maganar kuɗin ce ta dame ni. Malama, in kika yanka 2,000, su wa za su zo? 'Ya'yan masu ɗan abin hannu. Ita mai awarar da ta sa ki kasa barci ba za ta zo ba, don uwar da ta ɗora mata talla ba ta da dubu biyun. Kin ga an koma gidan jiya, an sake yin makarantar kuɗi a tsakar gidanki.

Ba na ce ki yi kyauta ba, guminki ne, halal ne. Amma ki ce wa iyayen kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a ba uwa ɗaya amintacciya ta riƙa tarawa, yara kada su san wa ya biya wa bai biya ba. Wata mudun masara za ta kawo, ki karɓa. Sannan ki je gidan su yarinyar da ƙafarki, kada ki aika. Ki roƙi uwar ta ba ki ita daga takwas zuwa goma, tallar ta fita bayan nan. In kika ce a daina tallar gaba ɗaya ba za ta yarda ba.

In tsakar gidan ya yi kaɗan, yawancin Islamiyyu da safe a rufe suke sai yamma. Ki nemi mai unguwa da limami su yi miki magana.

Abu Fatima:
Baba, na ji, kuma ba zan yi jayayya da ku ba, kun riga mu sanin aikin. Har yanzu raina bai so ba, don na san wasu za su fake da wannan su mayar da yajin kasuwa. Amma in Malama za ta yi, ina da sharaɗi. 'Yan aji shida kawai, tunda su ne ke bakin fita. Kuma iyayen da suka iya haɗuwa suka zo gidanta, su haɗu haka nan su je wajen kansilan mazaɓarsu da hakimi, su rubuta koke da sunan ƙungiyar iyaye da malamai a kai sakatariya. Baban Ummi, da ku nake. Kullum mu ake roƙo mu tausaya, ban taɓa ganin an yi ayari an je an roƙi masu riƙe da kuɗin ba.

Baban Ummi:
Malam, ka yi gaskiya, wannan nauyi a kanmu yake. Ranar Juma'a bayan an sauko zan tara iyayen layinmu mu tsayar da rana. Wanda ya san yadda ake tsara irin wannan takardar koke ya taimaka mana da ita.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na aika wa mai makarantar kuɗin cewa ba zan samu zuwa ba. Maigida bai ji daɗi ba da farko, da na karanta masa maganar fansho sai ya ce a bar shi. Na kuma kira wakilinmu, ya ce matuƙar ba a harabar makaranta ba ne kuma ba da kayan makaranta ba, shi ba zai hana ni ba, sai dai in an kira taro ko fita in rufe darasin in zo. Na amsa masa da to.

Zan fara ranar Litinin da 'yan aji shida, lissafi da Turanci da karatun Hausa, kwana huɗu a mako. Gobe in sha Allahu zan je gidan su yarinyar. Abin da ya rage min allo ne, don ba ni da shi a gida.

Baba Hedimasta (mai ritaya):
Ki samu falle ɗaya na filawud wajen kafinta, ko tsohon ƙyaure ma ya yi. A daka gawayi ya yi laushi, a kwaɓa da ruwan kokon sitaci, a shafa sau biyu a bar shi ya bushe a inuwa. In ya fara fari bayan mako biyu sai a sake shafawa. Alli kuma a sayi kwali ɗaya daga kuɗin da iyayen suka tara.