Yadda za a tattara tarihin ƙungiyar dambe da kokawa ta ma'aikata

Waɗanda suka tattauna kan wannan aiki a Kaduna sun haɗu a kan abu ɗaya: a fara da tsofaffi, takarda ta biyo baya. A nemi tsoffin ma'aikatan masaƙun Kakuri, inda masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta fara aiki a 1957, a ɗauki muryar kowa shi kaɗai. In an tara su wuri ɗaya, mai ƙarfin murya ne zai danne sauran.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne suna. Ɗan dambe da laƙabi aka san shi, kuma shago, wato yaron ɗan dambe, yakan gaji laƙabin maigidansa, sai a haɗe mutum biyu su zama ɗaya. A rubuta laƙabi, sunan yanka, gari da ɓangarensa. Makaɗa na riƙe da wanda ya kashe wane, wato ya kayar da shi, amma kirari akwai ƙarin gishiri, sai an ji daga baki biyu.

Shekara kuwa, kada a tambaye ta kai tsaye. A ce, wa ke gwamna lokacin? Sannan a duba tsoffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna.

Tsoffin hotuna kada a manne su da leda, zafi na lalata su.