Neman kalma: me za mu kira "pharaoh ant" a rediyo?

Mai Shirin Lafiya: Assalamu alaikum. Gobe ƙarfe 7 na safe zan gabatar da shirin lafiya, ga kalma ta tsaya mini: pharaoh ant. 'Yar mitsitsiyar tururuwar nan ce mai ruwan ɗorawa, tsawonta kamar milimita 2, mai shiga gwangwanin sukari. A asibiti har ƙarƙashin bandeji take kutsawa da ƙwayoyin cuta. Don Allah a taimaka kafin isha'i.

Malamar Firamare: Kiyashi mana. Ko ɗan aji ɗaya ya san shi.

Malamin Kimiyya: Hajiya, kiyashi ya yi faɗi, duk ƙaramar tururuwa haka muke ce mata. Wannan nau'i guda ne, a kimiyya Monomorium pharaonis, wani Bature masanin halittu, Linnaeus, ya raɗa masa sunan pharaonis, wato na Fir'auna, a 1758. Kuma halinsa daban: gida ɗaya sarauniyoyi da yawa. Ka fesa musu magani, sai su watse, kowane ɓangare ya ja sarauniya ya kafa sabon gida. Shi ya sa guba ake sa musu cikin abinci su kai rami da kansu. Ni "kiyashi raba-gida" nake koya wa ɗalibaina.

Ɗan Maradi: A Faransanci ma fourmi pharaon ce. A ce tururuwar Fir'auna, a huta.

Baba Alaramma: Ɗana, ban yarda ba. Duba Suratul A'arafi, aya ta 133: ɗufana, fara, ƙwarƙwata, kwaɗi, jini. Ina tururuwa a cikin azabar mutanen Fir'auna? Tururuwar Alƙur'ani ta Annabi Sulaimanu ce. Bature ya yi kuskure, mu ma mu ɗauka mu yaɗa a rediyo?

Ɗan Maradi: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma abin da ke ci mini rai, duk kalmar da ta fito daga wajenmu sai a ture, in Kano ta faɗa kuwa ta zama daidaitacciya.

Malamar Firamare: Wa ya kawo Kano? Ni Bakatsiniya ce. Kakanninmu sun bambanta cinnaka da kwarkwasa da gwano da shazumamu tun babu boko. Harshen da ya yi wannan ba ya neman aron Fir'auna.

Malamin Kimiyya: Raba-gida fa Hausa ce tsantsa, kuma sunan da kansa gargaɗi ne.

Malamar Firamare: Malam, mace ta ji "raba-gida" a rediyo, kishiya ko uwar miji za ta fara tunawa.

Mai Shirin Lafiya: An kira salla. Zan ce kiyashi, in ƙara da "ƙaramin nan mai ruwan ɗorawa da ke damun asibitoci". Fir'auna na bar shi, Baba.

Malamin Kimiyya: Ban gamsu ba, a aji raba-gida zan ci gaba da cewa. Amma don Allah kar ka tsallake maganar feshi.