Akwatin kallo mai arha: a sauya masa manhaja ko a bar shi yadda ya zo?

Malam Habu: Jama'a, ni dai maganata ɗaya ce. Duk akwatin Android mai arha da bai samu amincewar Google ba, kada a haɗa shi da intanet ɗin gida sai an sauya masa manhaja. A farkon 2023 wani mai binciken tsaron kwamfuta, Daniel Milisic, ya binciki wani akwati mai suna T95 mai cif ɗin Allwinner H616 (cif shi ne ƙwaƙwalwar akwatin), ya tarar tun daga kwali akwatin yana tuntuɓar wasu sabobi a ɓoye, yana karɓar umarni. Cutar, wato muguwar manhajar da ke wannan aiki, tana cikin manhajar asali ne, shi ya sa ko risetin aka yi ba ta fita.

Sadiƙu: Oga, akwati ɗaya ne fa. Shekara nawa muna amfani da su lafiya?

Malam Habu: Ba ɗaya ba ne, Sadiƙu. A Disamba 2024 BSI, hukumar tsaron intanet ta Jamus, ta katse hanyar na'urori kusan 30,000 masu irin wannan cuta da ake kira Badbox. A Yunin 2025 FBI ta yi gargaɗi, a Yuli kuma Google ta shigar da ƙara tana cewa sun haura miliyan 10. Kai kana kallon ƙwallo, akwatin yana danna tallace-tallace a bayan fage, wasu kuma suna bi ta layinka su yi aika-aika. Da datarka, wadda ka saya da guminka.

Injiniya Rabi: Malam, na yarda akwai cutar. Maganin ne ban yarda da shi ba. Filashin, wato sauya manhajar, da me za a yi shi? Da fayil ɗin da wani da ba a san shi ba ya ɗora a intanet? Wa ya duba cikinsa? Ana iya gudun gara a faɗa gidan zago. Sannan suna ɗaya ba ya nufin ciki ɗaya. Akwatin MXQ Pro kaɗai, wani cif ɗin Amlogic ne a cikinsa, wani Rockchip RK3229, wani Allwinner. Ko cif ɗin ya zo daidai, na Wi-Fi yakan bambanta. Sai ka gama, akwati ya tashi, amma babu Wi-Fi, rimot kuma ya daina ji. Wani ma ko fitilarsa ba za ta sake kamawa ba.

Malam Habu: Hajiya, ba irin wannan filashin nake nufi ba. CoreELEC nake nufi, wata manhaja da ke tayar da akwatin a maimakon Android. A kan memori ake rubuta shi, a ɗauko fayil ɗin da ya dace da cif ɗin daga cikin foldarsa mai suna device_trees a sa masa suna dtb.img. Sai a zare wuta, a zura tsinken sakace cikin ramin AV har a ji maɓallin ciki ya danna, a riƙe, a mayar da wuta. Akwatin zai tashi daga memori kai tsaye zuwa Kodi, manhajar kallon bidiyo, Android ɗin yana kwance bai farka ba. Ba a goge komai ba. Kuma manhaja ce a buɗe, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta.

Injiniya Rabi: To ai CoreELEC sai a kan Amlogic yake aiki. T95 ɗin da ka buɗe zance da shi ma ba zai ɗauka ba.

Malam Habu: Gaskiya ne. Wannan kam ni cewa nake a cire shi daga intanet gaba ɗaya, a riƙa kallo daga filas.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni yarana YouTube suke buɗewa da kansu, babansu kuma Netflix. In an sa wannan abin za su same su?

Injiniya Rabi: Ba kamar yadda suka saba ba, Yaya. Babu manhajojin hukuma a can, sai wasu ƙari da 'yan sa-kai suka rubuta, kuma sukan tsaya in kamfanin ya canza wani abu. Ko yanzu ma, in akwatinki ƙaramin matakin Widevine (tsarin Google na kare fina-finai daga kwafi) gare shi, wato L3, ba babban matakin L1 ba, ba za ki taɓa samun hoto tangaram a Netflix ba, ko da an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a kwali. Shi ya sa nake cewa a ƙara kuɗi a sayi mai amincewar Play Protect ta Google tun farko.

Sadiƙu: Amma Anti, na kamfanin ma ai ɗaure mutum suke yi. Fire TV Stick 4K Select da Amazon ta fitar a 2025 da Vega OS ya zo, tsarin Amazon ba Android ba, ba ka isa ka saka manhajar waje ba. Kuɗina, kayana, amma wani ne zai zaɓa min abin da zan kalla?

Malam Habu: Nan ne ni ma yake min ciwo. Kodi kanta ta samo asali ne daga masu buɗe na'urar wasan Xbox ta farko, sunanta XBMC har zuwa 2014. Da ba a taɓa cikin na'ura, da ba mu same ta ba.

Injiniya Rabi: Ban hana mai sani taɓawa ba. Abin da na ƙi shi ne a miƙa wa Maman Ilham tsinke a ce ta gwada a kan akwatin da yara ke kallo kullum.

Maman Ilham: To akwatina fa? X96 aka rubuta a samansa.

Malam Habu: Kada ki bi rubutun kwali, ko abin da saitin ya nuna, don ana yi musu ƙarya. Ki turo Ilham da shi shago ranar Asabar. Zan buɗe murfin in karanta lambar da ke kan fanel, in Amlogic ne mu gwada a memori a gabanta. In bai yi muku ba, a zare memorin. Kafin nan ki cire shi daga Wi-Fi ɗin da wayoyinku ke kai.