Neman cikakkun maƙalun likitanci ta hanyar laburaren makaranta

Ɗalibar ungozoma:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin ungozoma, kuma ina rubuta kundin bincikena a kan zubar jini bayan haihuwa. Yawancin maƙalun da nake samu a PubMed, shafin intanet na neman maƙalun likitanci, taƙaitaccen bayaninsu kawai nake gani, idan na nemi cikakku sai a ce in biya da dala, mujallun da ke laburarenmu kuwa sun tsufa. Shin akwai halastacciyar hanyar da ɗalibi zai bi?

Tsohon ma'aikacin laburare:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara da tambayar shugaban laburarenku ko makarantar ta yi rajista da Hinari, shirin bai wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta cikakkun mujallun lafiya ta intanet, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a shekarar 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i irin su Elsevier da Springer da Wiley, kuma yanzu yana ƙarƙashin Research4Life, haɗakar shirye-shirye irinsa. Cibiya ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba. An kasa ƙasashe rukuni biyu: na farko kyauta, na biyu kuma cibiya kan biya dala 1,500 a shekara. Abin da na sha gani a lokacin aikina shi ne, makaranta tana da rajista, amma kalmar sirrin tana kulle a durowar ofis, ɗalibai su gama karatu ba su taɓa jin labarinta ba. Sai dai idan an ba ki, kada ki miƙa wa wanda ba ɗan makarantarku ba, domin hakan kan jawo a rufe wa cibiyar baki ɗaya.

Likitan mata:
Na yarda da Baba, amma ba dole ne ki jira ofis ba, ƙanwata. A PubMed akwai wurin da za ki zaɓi maƙalun kyauta kaɗai, da yawansu a rumbun PubMed Central suke. Ki kuma duba African Journals Online, shafin da ke tattara mujallun bincike na Afirka, domin binciken da aka yi a asibitocinmu ya fi kusa da abin da za ki tarar a ɗakin haihuwa. Wadda ta gagara, ki aika wa marubucinta imel, galibi sukan turo.

Ɗalibar ungozoma:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na je laburaren yau da safe, ashe muna da rajistar, amma an ce in koma ranar Litinin domin mai riƙe da kalmar sirrin ya yi tafiya.