Kuɗin kaya ya maƙale: ta ina ake biyan China?

Mai Kayan Sola, Kasuwar Gumi:
Salamu alaikum. Jama'a, idan banki ya ce babu dala, katin naira kuma ya ƙi ci a waje kamar yadda aka gani a 2022, ta ina ƙaramin ɗan kasuwa zai biya kamfani a Guangzhou kuɗin batura na dala 5,000?

Ɗan Panteka:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Irin wannan adadin ta hannun 'yan canji ake bi. Ka ba su naira a nan, wakilinsu a can ya biya da yuwan ta Alipay ko asusun banki. Kada ka tura duka: kashi 30 kafin a haɗa kaya, sauran 70 bayan ka ga hoton kayan da takardar lodi. Kuma sunan asusun ya zo daidai da sunan da ke kan takardar farashi. 'Yan damfara kan kutsa imel ɗin kamfani su sauya lambar asusu, don haka a kira ta WeChat a ji daga bakinsu.

Hajiya Unguwar Rimi:
Ɗan Panteka, ka manta da kwastan. Kayan da za su zo da sunanka sai da Form M, wato takardar rajistar shigo da kaya, daga bankinka, haɗe da takardar farashi, lambar haraji, inshora da shaidar ingancin kaya ta SONCAP. Babu Form M, babu PAAR, takardar kwastan ta ƙiyasin harajin kaya, sai kwantena ta kwanta a Apapa kuɗin ajiya na hawa kullum. Mai 'yan kwalaye gara ya shiga kwantenar haɗaka, ejan ya ɗauki wannan nauyin.

In da asusun dala za a tura, galibi kuɗin kan maƙale ne a bankin da ke shiga tsakani a New York: harafi ɗaya ya kuskure a suna, ko ba a rubuta dalilin biya ba. Ka nemi kwafin shaidar tura kuɗin daga banki, wanda aka fi sani da MT103, da shi ake bin sawu. In kuɗin ya dawo, a yanke yake dawowa.

Malam Kakuri:
Wasu na cewa a biya da USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala. Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya janye a Disamban 2023, amma Binance, kasuwar cinikin kirifto, ta daina harkar naira a Maris ɗin 2024. Ni ban ba da shawararsa ba, domin kuɗin sata na ratsa asusunka sai a rufe shi. Alhaji, tambayi bankinka ko suna buɗe Form M da yuwan, tun 2018 akwai yarjejeniyar musayar kuɗi da China.